Tambaya da Amsa: Yadda Tsohon Littafi Ke Shiga Taskar Addini

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakanmu ya rasu ya bar akwati cike da littattafan rubutun hannu, wasu a cikin gafaka, wasu kuma warƙoƙi ne a warwatse. Babu mai iya karanta su a cikinmu, ga shi gara ta fara taɓa gindin akwatin. Muna shawarar kai su wata taskar littattafan addini. Yaya suke karɓa? Saye suke yi ko kyauta ake ba su? Ƙanena ya ce mu fara jera su, mu manne waɗanda suka yage da salatif kafin mu kai. (Daga wata mai karatu)

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Hajiya, kafin mu je ko'ina, ki riƙe hannun ƙanen nan naki. Salatif a jikin tsohuwar takarda gyaran gangar Auzinawa ne. Bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yana ratsa takardar ya bar tabo ja, ranar da aka zo ɗaye shi kuma sai ya taso da tawada. Haka ledar nan da ake narkarwa a rufe takardun makaranta da ita, kada ta kusanci littafin.

Jerawar ma ku bar ta. Yawancin masu kwafa sukan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan shafin da suka gama, kuma da ita ma'aikacin taska zai bi sawu ya mai da kowace warƙa mazauninta. Amma idan aka yamutsa littafi biyar wuri ɗaya, aikin yini sai ya koma na wata. Duk abin da kuka tarar a tsakanin warƙoƙi, ko wasiƙa ce, ko lissafin bashi, ko guntun takarda mai sunayen ɗalibai, ku bar shi inda yake. Sau da yawa irin wannan guntun ne kaɗai ke faɗa mana hannun wa littafin ya bi. Abin da za ku yi yanzu shi ne ku ɗaga akwatin daga ƙasa, ku nisanta shi da bango da danshi da rana.

Game da karɓa, hanyar da ta fi yawa ita ce kyauta ko waƙafi, inda mallaka ke komawa hannun taska dungurungum. Akwai ajiya: littattafan na nan a matsayin naku, taska na riƙe su amana bisa yarjejeniya a rubuce, kuna iya karɓa idan wa'adi ya cika. Saye ma ana yi, sai dai taskokin addini ba su cika samun kuɗinsa ba, galibi sai wani mai hali ya saya ya miƙa. Haka ɗakin karatu na Batikan ya samu wani daɗaɗɗen kundin Linjilar Luka da Yohanna, wanda wani attajiri Ba'amurke, Frank Hanna, ya saya ya ba su a 2007. Sai kuma hanyar da nake yawan ba iyalai shawara a kanta idan zuciyarsu ba ta saki ba: a zo a ɗauki hoton kowane shafi, littafi ya zauna a gidansu. Cibiyar adana littattafan rubutun hannu ta HMML da ke Minnesota a Amurka, wadda malaman zuhudu na Kirista suka kafa a 1965, a kan haka take aiki, kuma a 2013 ta fara aikin ɗaukar hotunan littattafan Timbuktu da aka kwashe zuwa Bamako. Babban ɗakin karatu na Birtaniya ma yana da shiri irin wannan tun 2004.

Ko ta wace hanya kuka bi, ku shirya wa tambayoyi, kada kuma ku ji haushi. Za a tambaye ku wane ne mai littattafan, a ina ya yi karatu, daga wa ya gada ko ya saya, kuma shin duk magada sun yarda. Wannan ta ƙarshen ba ta wasa ba ce, domin littafi dukiya ce cikin gado, sa hannun mutum ɗaya bai isa ba. Za a kuma duba shafin farko da na ƙarshe. Idan aka ga an rubuta cewa waƙafi ne ga masallaci kaza, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonsa, to maganar ciniki ta mutu, sai a nemi masu haƙƙi. Ga abin da ya tsallako daga wata ƙasa kuwa, taska mai mutunci takan nemi shaidar cewa ya fito ta halal, kuma da yawa suna auna wannan da shekarar 1970, lokacin da UNESCO ta fitar da yarjejeniyar hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi.

Wanda ya raina waɗannan tambayoyi ya dubi abin da ya samu gidan tarihin Baibul na Washington. Kamfanin iyalin da suka kafa shi ya biya tarar dala miliyan 3 a 2017 kan kayan tarihin Iraƙi da aka shigo da su ta ɓarauniyar hanya. A 2020 bincike ya nuna cewa guntaye 16 da gidan ke taƙama da su a matsayin tsofaffin naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri duk jabu ne, daga baya kuma aka mayar da dubban kayayyaki Masar da Iraƙi. Kuɗi suna da shi, gaggawa ce ta ci su.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne taska na iya cewa ba ta son wasu. Kowace tana da rubutaccen tsarin abin da take tarawa, ga wurin ajiya ba ya yalwa. Bugun injin da ake samu a kowane kanti ba zai shiga ba, sai fa in Malam ya cika gefensa da sharhin hannunsa.

Idan an karɓa, ba a kai su kan kanta kai tsaye. Ana keɓe su a wani ɗaki na 'yan makonni a ga ko akwai ƙwari ko fumfuna. Na takarda da aka samu da ƙwari akan rufe su ruf a leda a sa a injin daskarewa mai tsananin sanyi na sati ɗaya ko biyu, na fata kuwa ana bi da su ta wata hanyar. Sannan a share ƙura da buroshi mai laushi, warƙa bayan warƙa. A ranar da suka shigo ake rubuta su a rijista: lamba, kwanan wata, sunan wanda ya kawo, da sharuɗɗan da aka yi. Ki tabbata an ba ku kwafin yarjejeniyar da jerin abin da kuka miƙa, kuma ki roƙi a ajiye su wuri ɗaya da sunan Malam, kada a raba su bisa fanni.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai bincike. Na san an kai wasu littattafai wata taska shekaru da suka wuce, amma har yau ba su fito a fihirisa ba, wato jerin littattafan da taskar ke fitarwa. Na ce ko lalaci ne? Mene ne wahalar rubuta sunan littafi da na mai shi? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Ɗana, da sunan yana nan a rubuce ai da babu wahala. Littafin bugu yana zuwa da shafin da ke ɗauke da suna da mawallafi da shekara. Na rubutun hannu sau da yawa warƙarsa ta farko ce ke fara lalacewa, tunda ita ke shan hannu da ƙura. Sai ka zauna da jibgin takardu marasa kai, ka fara da fensir, kana sa lamba a kusurwar kowace warƙa. Biro haramun ne a ɗakin nan. Ka auna tsawo da faɗi, ka ƙirga layuka, ka rubuta irin rubutun da launin tawada, da inda gara ta ci, da inda ruwa ya taɓa.

Sannan ka nemi mafarin matani. Basmala da salati kusan ɗaya suke a ko'ina, don haka abin da ya biyo bayan "amma ba'adu" ake kwafewa, tare da layukan ƙarshe. Da su ake zuwa a gwada da manyan fihirisoshi, irin Kashfuz Zunun na Haji Halifa, wanda ya rasu a 1657 ya bar jerin littattafai wajen 14,500, ko aikin Carl Brockelmann na Jamus, ko kundin John Hunwick na 1995 kan marubutan ƙasar Hausa da Borno da maƙwabtansu. Wani lokaci a dace nan take. Wani lokaci kuma abin da ka ɗauka littafi ɗaya ne ya zama goma sha a bango ɗaya, nahawu a gaba, waƙar wa'azi a tsakiya, fatawa a baya, kuma kowanne sai an yi masa bayaninsa daban.

Inda aka fi zamewa shi ne ƙarshen littafi, wurin da mai kwafa ke cewa ya kammala, ya ambaci sunansa, ya roƙi gafara. Sabon ma'aikaci yakan ɗauki wannan sunan ya sa a gurbin mawallafi, alhali tsakaninsu ƙila shekara ɗari huɗu ce. Shekarar ma ba koyaushe take zuwa da lamba ba, takan zo da ramzi, wato haruffa masu ƙimar lissafi. A ce ka ga shinun, ra, lamun, ba. A lissafin ƙasashen Magrib na Arewacin Afirka, wanda malaman Afirka ta Yamma ke bi, shinun 1000 ne, ra 200, lamun 30, ba 2, ka samu 1232 ta Hijira. A lissafin Gabas shinun 300 ne, sai jimlar ta koma 532. Harafi ɗaya ya ƙara wa littafi tsufan shekara 700. Wannan ne ya sa ake ɗaga takardar a haska ta da fitila daga baya. In ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta, ka san takardar Italiya ce, irin wadda masana'antu kamar ta Andrea Galvani a Pordenone suka yi ta turowa ƙasashen Musulmi a ƙarni na 19. Ita kaɗai ta isa ta rushe 532. Sai dai ka tuna wani mai kwafar yakan kwafe har da shekarar littafin da ya kwafa daga gare shi, don haka shaida ɗaya ba ta yanke hukunci.

Ni a ganina gara a fitar da gajeren jeri da wuri, lamba da suna da adadin warƙoƙi, ko da rabinsa an rubuta "ba a gano ba tukuna", da a riƙe komai ana jiran cikakkiyar fihirisa. Wasu abokan aiki ba su yarda da ni ba, suna cewa kuskuren da ya shiga jeri yakan daɗe ana kwafarsa. Suna da hujja. A Jami'ar Birmingham an daɗe da wasu warƙoƙi biyu na Alƙur'ani a haɗe da na wani kwafi daban, cikin littattafan da Alphonse Mingana ya tara a shekarun 1920. Sai da wata mai bincike, Alba Fedeli, ta lura rubutun ba ɗaya ba ne, aka raba su. Gwajin gano tsufa da aka yi a Oxford wa fatar da rubutun ke kai, wanda aka bayyana a 2015, ya nuna tsakanin 568 da 645 Miladiyya. Wannan shekarun dabbar ne da aka yi fatar da ita, ba lallai ranar rubutu ba. Amma ko a nan, da ba a jera warƙoƙin an ba su lamba ba, da ba ta san da su ba balle ta nemi gani.

Jinkiri kuma ba na taskarku kaɗai ba ne. Guntayen takardun Yahudawa wajen 193,000 da Solomon Schechter ya kwaso daga ma'ajiyar wata majami'a a tsohuwar Alƙahira zuwa Cambridge a 1897, har yau ana kan bayaninsu.

Ka je taskar da kanka, ka nemi ganin mai kula da rijistar shiga, ka faɗa masa sunan iyalin da suka kawo littattafan da kusan shekarar. Abin da bai shiga fihirisa ba yana da lamba a can, kuma da ita za a iya fito maka da akwatin. In kana karanta rubutun Magribi ko Ajami sosai, ka faɗa musu tun a zaman farko, domin masu iya wannan su ne abin da taskoki suka fi rasa, wataƙila ma su ba ka fensir da kujera.