Da wane littafi zan fara karatun almara da labaran kimiyya?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jidda, nan aka haife ni. Hausa muke yi a gida, Larabci a makaranta, Turancina kuwa sai a hankali. Ina sha'awar labaran almara da ƙagaggun labaran kimiyya, amma da ƙawata ta ara mini Dune sai na kasa wuce babin farko. Da me zan fara?

Amsa: 'Yata, mayar wa ƙawarki da littafinta tukuna. Dune, wanda Frank Herbert ya fitar a 1965, yana jibge wa mai karatu sunayen gidajen sarauta da ƙungiyoyi da duniyoyi tun kafin ya san wanda zai bi a labarin, har sai da marubucin ya sa ƙamus a ƙarshensa. Ba da shi ake farawa ba. Ki fara da gajeren littafi, a harshen da idonki ya fi gudu a kansa. A wurinki Larabci ke nan.

Na farko da zan miƙa miki shi ne Haujan na Ibrahim Abbas, wanda ya fito a 2013. A garinku labarin yake. Wani matashin aljani ne ke ba da shi da bakinsa, bayan mutane sun tare a gidan da danginsa suka daɗe a ciki, ya kuma kamu da son 'yar gidan, Sausan. Daɗinsa shi ne an juya abin: aljanu ne ke kukan 'yan Adam sun takura musu. Ba ki bukatar wani ya yi miki bayanin mene ne aljani ko me ya sa ake karanta Ayatul Kursiyyu, don haka hankalinki duka zai tafi kan labarin. An yi fim ɗinsa, da shi aka buɗe bikin fina-finai na Bahar Maliya a 2023, amma ki riga fim ɗin karantawa.

Daga nan sai Ardu Zikola na Amr Abdulhamid, ɗan Masar. Saurayi ya bi ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla ƙasar da ba a ciniki da kuɗi, da basira ake biya. Ka sayi burodi, kaifin ƙwaƙwalwarka ya ragu, kuma duk shekara wanda ya fi kowa talauci shi ake yankawa. Doka ɗaya marubucin ya kafa, ya bi ta har inda ta kai shi, kuma wannan ne abin da nake so ki koyi lura da shi a irin waɗannan littattafai. Larabcinsa mai sauƙi ne, wasu ma na cewa ya yi sauƙi da yawa. Ga mai farawa wannan ba aibi ba ne.

Ta ɓangaren kimiyya, nemi jerin Malafful Mustakbal na Nabil Faruk, da aka fara a 1984. 'Yan ƙananan littattafai ne masu shiga aljihu, kowanne a zama ɗaya ake gama shi. Yutobiya na Ahmad Khalid Taufik (2008) ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai akwai ɗaci da tashin hankali a ciki, ki bar shi sai kin ƙara shekaru.

Kada kuma ki ɗauka Hausa ba ta da nata. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tun 1934, almara ce cikakkiya, ga dariya. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro ya zaga da shi sararin samaniya. Samunsu a nan da wuya, sai ki yi saƙo wurin 'yan'uwa masu zuwa Umra daga Kano ko Zariya. In karatun boko na Hausa yana yi miki tsauri, ki riƙa karantawa da ƙarfi a gaban Hajiya, za ta gyara miki, kunnenki kuma ya riga ya san harshen.

Turanci kuwa, Binti na Nnedi Okorafor ya ishe ki gwaji, bai kai shafi 100 ba. Yarinya ce ta bar danginta a ɓoye ta tafi jami'a a wata duniyar, ana kallon gashinta da kwalliyarta ana ƙus-ƙus. In ya yi miki, sai The Hobbit na J.R.R. Tolkien. Na Larabcin ki duba su a kantin littattafai na Jarir ko a baje kolin littattafai na Jidda.