Ina yanke hotuna amma sai su fito salam, ko kyamarar ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hotunan duwatsu da tafkuna da kyamara mai megafiksel 24 (fiksel miliyan 24, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto). Nakan buɗe lensi in kwaso komai, in na zauna gaban kwamfuta sai in yanke. Amma hotunan ba armashi, wanda na kai aka wanke babba kuma ya fito dishi-dishi. Har na fara zargin kaina ko ba ni da idon sana'ar. Kyamara zan sauya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kada ka sayi komai. Idonka lafiya lau. Abin da ke cutar ka shi ne wannan magana ta "kwashi komai, ka gyara daga baya", wadda masu bidiyon koyarwa na bogi suka cika intanet da ita. Kusan kullum sai wani ya zo mini da ita, kuma na gaji da ganin tana kashe wa masu hazaƙa gwiwa.

Yanka ba ya sauya komai sai iyakokin hoto. Yadda na kusa da na nesa suka zauna da juna, wurin da ka tsaya ne ya yanke hukuncinsa, kuma ya gama tun lokacin da ka danna. Ka ɗauka wata bishiya ta hau kan ƙololuwar dutsen da kake so. Ko ka kwana kana datsa, tana nan a kansa. Da ka yi taku uku zuwa hagu, da sun rabu, sama ta shiga tsakaninsu. Da ka durƙusa, da ƙaramin dutsen da ke bakin ruwa, mai gansakuka a gefe, ya girma ya zama ƙofar da ido zai bi ya shiga hoton. Ko zuƙowa da lensi ba ta yin wannan aiki, sai ƙafa da gwiwa.

Ga kuma asarar da ba sa faɗa maka. Hotonka fiksel 6000 ne a faɗi, 4000 a tsayi. Ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi, saura 3000 da 2000, wato megafiksel 6. Kashi uku cikin huɗu ka zubar, ba rabi ba. A ma'aunin wanki mai kyau na fiksel 300 a kowane inci, hoton da zai kai inci 20 ya koma inci 10. Nan dishi-dishinka ya samo asali. Masu tallar manhajar da wai za ta dawo da abin da ya ɓace kuwa, su ji tsoron Allah. Manhajar kintace take yi, tana zana ganyen da bai taɓa tsirowa a wurin ba.

Ban ce yanka haramun ne ba, ni ma ina yi. Nakan miƙe layin da sama da ƙasa suka haɗu idan ya karkace, kuma da yake hakan na cin gefuna, nakan bar ɗan sarari tun a wurin ɗauka. Idan sama ta fito fayau babu ko gajimare, nakan rage tsayin hoton, in mai da ma'aunin faɗi da tsayinsa daga 3:2 zuwa 16:9. Ƙa'idar raba firam uku, wato ka raba filin hoton gida uku ka ɗora wancan layin a kan ɗaya daga cikin layukan rabon, tana taimako, amma in tafki ya kwanta yana nuna dutse kamar madubi, sa layin a tsakiya abinka.

Kafin ka danna, bi kusurwa huɗun nan na firam da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ne reshe ko turken lantarki ke laɓewa. Sannan samo kwali ka huda taga mai santimita 6 da 4, ka riƙa leƙa wuri ta ciki kana zagayawa kafin ka fito da kyamara daga jaka. Yi mako biyu ba ka yanke ko hoto ɗaya ba, sai ka turo mini guda biyar mu duba tare.