Yoyon gaskit a kafireton inji mai ƙarfi: a ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni makaniki ne a Kaduna, kuma an kawo mini wata tsohuwar mota ƙirar Amurka mai injin V8 da aka ƙara wa ƙarfi, aka ɗora masa kafireto mai maƙogwaro huɗu. Fetur yana tsattsafowa daga gefen kwanon mai na kafireton, silon motar ba ya tsayawa wuri ɗaya, wani lokaci har takan yi tari ta kafireto idan aka taka totur. Na sauya gaskit, na shafa silikon, na ƙara ɗaure notuna, amma abin sai ƙaruwa yake yi. Me ya kamata in duba?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, yoyo iri biyu ne suka haɗu maka, kuma kowanne da hanyar bincikensa. Akwai fetur da ke fita ta gaskit ɗin kwanon mai, akwai kuma iskar da ke kutsawa ta gaskit ɗin ƙasa, wato wanda ke tsakanin kafireto da manifol, bututun da ke kai cakuɗin iska da fetur cikin inji. Wannan iska ce ke sa fetur ya yi ƙaranci a cakuɗin da ke shiga inji, shi ya sa silo yake hawa da sauka, motar kuma take tari.

Silikon ɗin da ka shafa sai ka kankare shi gaba ɗaya, domin fetur yana laushe shi, gutsattsarinsa kuma su bi mai su toshe jet ko su maƙale a bakin allurar da ke rufe shigar fetur. Gaskit ɗin kafireto a bushe ake ɗora shi.

Ƙarin ɗauri kuwa shi ne abin da na fi zargi. Gangar jikin kafireto da ƙarfe mai taushi ake zuba ta, saboda haka duk lokacin da aka matsa sukuru fiye da kima, wurin da ke kewaye da shi yakan taso, tsakiya ta bar rata, sabon gaskit kuma ba zai iya cike ratar ba. A kafireton Holley irin 4150, alal misali, sukurorin kwanon mai ba sa bukatar fiye da kimanin Nm 3 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), notunan ƙasa guda huɗu kuma Nm 7 zuwa 9, a ɗaure su kaɗan-kaɗan a gicciye. Wannan ɗauri ne da ƙaramar sifana da yatsu biyu za su iya. Ka sauke kafireton, ka ɗora miƙaƙƙiyar rular ƙarfe a kan kowace fuska da gaskit ke kwanciya, ka haska tocila ta baya. Idan haske ya ɓullo ta ƙarƙashin rular, fuskar ta lanƙwashe. Ƙaramar lanƙwasa ana iya daidaita ta da samfefa mai laushi da aka shimfiɗa a kan gilashi, amma idan kunnen farantin ƙasan kafireton ya tsage, babu makawa sai an sauya farantin. Ka kuma sauya ƙananan washar roba da ke ƙarƙashin kan sukurorin kwano, domin sau da yawa su ne ke ɗiga a ɗora wa gaskit laifi.

Kafin ka kwance komai, yana da kyau ka tabbatar da ainihin inda man ke fitowa. Ka goge kafireton ya bushe, ka barbaɗa masa farar hoda, sannan ka kunna famfon mai idan na lantarki ne, ko ka tayar da injin na ɗan lokaci. Inda hodar ta fara jiƙa, nan ne mafarin yoyon. Idan daga sama man yake zubowa cikin maƙogwaro, gaskit ba shi da hannu a ciki. Masu ƙara wa inji ƙarfi sukan sa famfo mai turi da yawa ba tare da na'urar rage matsi ba, alhali irin wannan kafireto matsin mai na psi 5 zuwa 7 yake so, na Weber DCOE ma kimanin psi 3 kawai. Matsin da ya wuce haka yakan rinjayi allura, kwano ya cika ya tumbatsa. A Holley mai ramin dubawa da ake toshewa da sukuru a gefen kwano, daidai shi ne fetur ya tsaya a leɓen ƙasa na ramin.

Domin gano yoyon iska, ka bar injin a silo, ka riƙa fesa ruwan wanke kafireto kaɗan-kaɗan a kewayen gindinsa. Inda ƙarar injin ta canja, nan iskar ke shiga. Ruwan yana kama wuta, don haka a yi aikin a fili, da abin kashe gobara a kusa. Idan a gefen sandar totur ƙarar ta canja, ramin sandar ne ya cinye, kuma bushin yake bukata. Ka lura kuma da cewa injin da bai sha gyara ba yakan nuna inci 17 zuwa 21 a ma'aunin zuƙar iska, amma wanda aka sa wa babban kamshaf yana iya nuna 12 ko ƙasa da haka, silonsa kuma ya riƙa gurnani alhali lafiyarsa ƙalau.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a motocin da suka bi ta hannu da yawa. Manifol ɗin da aka yi wa kafireton Rochester Quadrajet ramukan gabansa ƙanana ne, na baya manya, yayin da na 4150 kusan girmansu ɗaya. Idan aka ɗora kafireton 4150 a kan manifol ɗin Quadrajet ba tare da farantin daidaitawa ba, wani gefen gaskit ɗin zai kasance a kan iska.

Zafin watannin Maris da Afrilu ma yana da tasiri, domin bayan an kashe inji fetur yakan tafasa a kwano ya malalo. Maganinsa shi ne a sa faranti mai hana zafi tsakanin kafireto da manifol, da sabon gaskit sama da ƙasa. Bayan injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, ka sake bin notunan da ma'aunin ɗaurin da na ambata, saboda sabon gaskit yakan ɗan lotsa.