Hukuncin zane don fallasa zalunci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ne, da shi nake ciyar da iyalina. Yawanci halin talakawa nake zanawa: mara lafiya kwance a ƙasa babu gado a asibiti, yaran da aka raba da gidajensu, jami'i yana karɓar cin hanci. Wani abokina ya ce na haɗa laifi biyu, hoto da tona asirin shugabanni. Abin ya hana ni sukuni. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya. Maganar abokinka gida biyu ce, kowanne da hukuncinsa.

Bayyana zalunci halal ne. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son a bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda nake ganin ya fi kusa da sana'arka. Wani mutum ya kai ƙarar maƙwabcinsa wurin Annabi (SAW), aka ce ya yi haƙuri. Da ya yi ta dawowa, sai Annabi ya ce ya je ya fito da kayansa bakin hanya. Ya fitar. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tambaya, a gaya masa, ya la'anci maƙwabcin, har maƙwabcin ya zo yana cewa ka koma gida, ba za ka ƙara ganin abin ƙi daga gare ni ba. Ka lura, ba huɗuba aka yi ba. Kaya ne aka zube a hanya, ido ya gani, zuciya ta motsa.

Gaskiya ne malamai da yawa sun fifita yi wa shugaba nasiha a asirce, kamar yadda Usama ɗan Zaidu ya yi da Sayyidina Usman. Amma wanda yake da ƙofar shiga ke nan. A Sahihu Muslim, lokacin da Marwan, gwamnan Madina a wancan zamani, ya gabatar da huɗuba kafin sallar idi, wani mutum ya miƙe a bainar jama'a ya yi masa inkari, Abu Sa'id al-Khudri ya ce wannan ya sauke abin da ke kansa.

Sharaɗin da nake jin tsoronsa gare ka shi ne gaskiya. Alƙalamin mai zane yana son ƙari. Idan ka zana wani sananne da buhun kuɗi a ka, alhali jita-jita ce kawai ka ji, ka yi ƙazafi, ko da mutumin azzalumi ne a wani wurin. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa mu bar adalci. Haka nan kada ka mayar da halittarsa abin dariya, ko ƙabilarsa, ko iyalinsa. Aikinsa za ka zana. Kuma ka rufe fuskar wanda aka zalunta idan bai ba ka izini ba, ka suturta al'aura.

Batun hoto kuwa saɓani ne tsoho. Imam Nawawi da jama'a masu yawa sun haramta zanen duk mai rai, saboda hadisan azabar masu sura, wato masu yin hoto. Malikawa sun taƙaita haramcin ga sassaƙe mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Na kan takarda ko ƙyalle makaruhi ne a wurinsu, suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha da ya togace zanen jikin tufa. Wannan nake rinjayarwa, musamman inda akwai maslaha irin taka. Saboda haka zanenka ya halatta, kuɗinsa ma halal ne, amma ka nisanci sassaƙa mutum-mutumi.

In zuciyarka ba ta natsu ba, bi shawarar da Ibn Abbas ya ba wani mai sura da ya ce da ita yake ci: ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Takalmin yaro ƙwaya ɗaya a ƙofar gidan da ya ƙone, ko allon makaranta da ruwa ke zuba a kansa ta rufin da ya yaye, babu malamin da zai hana ka su.

Wallahu a'alam.