Amsoshin Tambayoyi: Birkin Baya da Plaketin Jabu

Wani matashi daga unguwar Sabon Gari ya tambaya ko zai iya canza plaketi, wato ƙarafan nan masu nama a fuska da ke matse faifan birki su tsayar da mota, na ƙafar baya ta dama kaɗai, tunda ita ce take ƙara. A'a, ɗana. Plaketi da faifan birki ana canza su ne hagu da dama tare, domin idan gefe ɗaya ya fi ɗaya kamawa, mota za ta karkata a lokacin da ka taka da ƙarfi.

Hajiya daga Birni ta rubuto cikin damuwa cewa bakanikenta ya ce faifan bayan Corolla ɗinta ya ƙare, tana tsoron ko cinta ake son yi. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan abu ne da ake aunawa. A jikin faifan an buga mafi ƙarancin kaurin da ya halatta, cikin milimita, don haka ki ce ya cire taya, ya auna a gabanki. Idan kaurin ya sauko zuwa wannan iyaka, ko faifan ya tsage, ko ya yi zane mai zurfi, gaskiya ya faɗa miki. Idan kuwa yana da sauran kauri kuma fuskarsa sumul take, plaketi kaɗai sun wadatar, su kuma lokacin canza su ya yi idan naman jikinsu ya sauko zuwa milimita 3.

Wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai ta wani direba ce mai jigila tsakanin Damagaram da Magarya. Ya ce an nuna masa plaketi iri biyu, kwalinsu ɗaya, sunan Bosch a jikin kowanne, amma ɗaya rabin kuɗin ɗaya ne, yana neman in ba shi izinin sayen mai arahar. Malam, ba zan ba ka ba. Kwali ba ya tsayar da mota, kuma buga suna a kwali bai fi ƙarfin kowace maɗaba'a ba. Plaketin jabu naman jikinsu haɗin gambiza ne da aka manna da gam mai rauni, kuma idan zafin birki ya haɗu da zafin watan Afrilu da nauyin fasinja da buhunan gero, sai su yi santsi su daina kamawa, ko naman ya ɓamɓare daga ƙarfensa gaba ɗaya. Wasu kuma tauri ne ya yi musu yawa, har su cinye faifan cikin ƴan watanni, a wayi gari jaka biyar ɗin da ka yi murnar ragewa ta ja maka sayen faifai biyu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, mutumin da zai yi awa guda yana ciniki a kan birki, shi ne zai sayi rediyo da fitilu masu walwali ba tare da ya nemi ragi ba. Ka duba bayan plaketin: na ƙwarai suna ɗauke da lambar kaya da aka buga tsaf, waɗanda aka yi domin kasuwar Turai kuma suna da alamar R90, shaidar cewa sun ci gwajin inganci. Ita ma alamar ana kwaikwayonta, saboda haka abin da ya fi shi ne ka saya wurin mai shagon da ka sani, wanda zai ji kunyarka idan ka dawo masa da kaya.

Wani malamin makaranta daga Mirriya yana son yin aikin da kansa. Ban hana ka ba, malam, amma birkin baya yana da tarkonsa. Ka tokare tayoyin gaba, ka sa wa motar madogara mai ƙarfi bayan jak, sannan ka saki birkin hannu, in ba haka ba faifan ba zai fita ba. A motoci da yawa fistan na baya, wato ƙarfen da ke tura plaketi kan faifai, murɗa shi ake yi yana komawa ciki, wanda ya danna shi da ƙarfi ya lalata shi, idan kuma birkin hannun na lantarki ne, sai an sassauta shi da na'ura tukuna. Kada ka bar ƙarfen da ke damƙe faifan yana reto a jikin tiyon mai. Ka kankare tsatsa da yashin da suka taru a mazaunin faifan, ka goge man da ke kan sabon faifai, kuma kafin ka motsa motar ka yi ta taka birki har ya yi tauri. Kilomita 200 na farko ka riƙa takawa a hankali domin sababbin plaketin su zauna.

Wanda kuma ya tambaya ko man gyaɗa zai iya maye gurbin man birki, ya karanta murfin tukunyar man, zai ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Shi zai zuba.