Tambaya da Amsa: Ina Ake Baje Kolin Zane-zane, Kuma Yaushe?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato baje kolin zane-zane da tarukan masu fasaha, don haka na haɗa su waje guda. Bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matsalata kullum sai an gama baje koli sannan nake ganin hotunansa a Instagram, mutane sun tsaya gaban zane suna murmushi, ni kuma ina Kano ban ma san an yi ba. Don Allah wanne ne ke tafe, kuma ya mutum zai yi ya riƙa sani tun kafin ranar? Daga wata ƙanwarka a Kano.

Amsa: Ƙanwata wannan ƙorafin ba ke kaɗai ba ce, kuma laifin ba naki ba ne. Masu shirya baje koli a Arewa suna da rauni sosai wajen sanarwa, sai a kwashe wata uku ana aiki ana kwana a situdiyo amma fosta ba za ta fito ba sai ana saura kwana biyu, ita ma da Turanci zalla, a tura ta guruf ɗin abokai shike nan, sannan a dawo ana cewa mutanenmu ba sa son zane. To ya za su so abin da ba a gaya musu ba? Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Amma harkar tana da lokutanta, in kika riƙe su ba za ki riƙa yin asara ba. Na farko dai ƙarshen zangon karatu. Ɗaliban shekarar ƙarshe a sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, suna baje ayyukansu kafin su fita, haka ma kwalejojin ilimi da foliteknik da ke da sashen zane, kuma ni a ganina nan ne ya fi daɗin zuwa domin mai aikin yana tsaye kusa da aikinsa, ki tambaye shi duk abin da kike so, yana ma jin daɗi an tambaya. Ranar ce kawai take motsi tare da kalandar makaranta, don haka ki samu ɗalibi ko malami ɗaya a sashen ki ce ya taɓa ki in lokaci ya yi. Daga Kano zuwa Zariya ai tafiyar safe ce ki dawo da yamma.

Sai 18 ga watan Mayu, ranar gidajen adana kayan tarihi ta duniya. Gidajen tarihi sukan shirya wani abu a wannan rana ko a makonta, ke da kike Kano ga Gidan Makama nan daura da fadar Sarki, ga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa inda Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha take, ki leƙa tun farkon watan ki tambayi ma'aikata me suka tsara. Akwai kuma 15 ga Afrilu, ranar fasahar zane ta duniya, ƙungiyoyin masu zane sukan ɗan yi taro.

A Kaduna aka fara wasu bukukuwa biyu na littafi da fasaha da ya kamata ki sa wa ido. KABAFEST da aka fara a 2017, sai HIBAF wanda ƙungiyar Open Arts ta fara a 2021 shi kuma ya fi karkata ga Hausa. Ba karatun littafi kaɗai ake yi ba, ana haɗawa da waƙa da nuna ayyukan fasaha, amma watan da ake yin su yana canzawa, sai dai ki bi shafukansu ki kunna ƙararrawar sanarwa. In kuma Allah ya hore miki kuɗin mota, watan Nuwamba Legas take cika, lokacin ne ake Art X Lagos wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016, galari-galari, wato gidajen nuna zane da sayar da shi, daga ƙasashen Afirka daban-daban suke zuwa da kayansu. Abuja kuma ba sai kin jira biki ba, Thought Pyramid da Nike Art Gallery a buɗe suke, duk ran da kika shiga gari ki ware awa biyu.

Abu na ƙarshe, duk baje kolin da kika je akwai littafin baƙi a bakin ƙofa. Ki rubuta sunanki da lambarki. Da wannan littafin suke tura gayyata ta gaba, mutane da yawa suna wuce shi suna zaton na manyan baƙi ne.

Tambaya: Ana biyan kuɗin shiga ne? Kuma dole sai da katin gayyata? Ni tela ne, ina tsoron in je a kalle ni a ce me ya kawo wannan. Daga wani ɗan'uwa a Kaduna.

Amsa: Maigida ka je abinka. Yawancin baje kolin galari da na makarantu kyauta ne, gidajen tarihi na gwamnati ne ke karɓar ɗan kuɗin tikiti, sai manyan bukukuwa irin na Legas. Kati kuwa na ranar buɗewa ne kawai in ma an yi shi, sauran kwanakin ƙofa a buɗe take ga kowa, kuma ni na fi son kwana na biyu ko na uku, ba hayaniya ba jawabai, ka tsaya gaban zane yadda ranka ke so. Kuma kai da kake tela, ka san launi, ka san wane zare ke tashi a kan wace shadda, ka san aska takwas da yadda ake zaunar da ita a ƙirjin riga, wallahi idonka ya fi na da yawa daga cikin masu yawo da kati. Sharaɗi ɗaya ne, kar ka taɓa zane da hannu, maiƙon yatsa yana ɓata fenti.

Tambaya: Malam ɗana ya gama sakandare ya nace sai karatun zane a Zariya. Ni abu biyu ke damuna, na farko addini, don na taso ina jin zane haramun ne, na biyu kuma me zai ci da shi? Ka ba ni shawara tsakaninka da Allah. Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Baba Allah ya ƙara girma, kuma na gode da ka tambaya maimakon ka hana shi kai tsaye. Maganar hukunci ta malamai ce, ka je wajen malamin da ka amince da iliminsa ka zauna da shi tare da yaron. Abin da zan iya gaya maka shi ne saɓanin da ake yi a kan surar abu mai rai ne, musamman mutum-mutumi da aka sassaƙa, amma zanen itatuwa da gine-gine da rubutu da ado irin na zayyana wannan mun gaje shi ne kaka da kakanni. Ka tuna allon zayyana da ake yi wa yaro ran saukar Alƙur'ani, wannan aikin mai zane ne. Ka tuna adon da magina ke yi a fuskar soro, dagi da sauransu. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa su ɗaga kai suna kallon bakan gizon da ya ɗaure. Marinar Ƙofar Mata a Kano, masu dukan tagulla, dukawa, masaƙa, duk gida ɗaya ne da abin da ɗanka yake so ya karanta. Kuma a jami'ar akwai ɓangarori, akwai fenti, akwai sassaƙa, sannan a sashen da ke maƙwabtaka da su akwai zanen yadi da ginin tukwane na zamani da zanen talla da na littattafai, zai iya zaɓar wanda hankalinku ya kwanta da shi.

Sannan ka sani ba ƙaramin waje yake son zuwa ba. A Zariya ne a 1958, tun makarantar tana kwaleji kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon Turawa kawai ba, za su ɗauki dabarar da aka koya musu su haɗa da adon gargajiyar garuruwansu. Wannan tunani nasu shi ya canza zanen Najeriya gaba ɗaya, kuma duk inda ake koyar da tarihin zanen Afirka sai an ambaci Zariya. Abin da ke min ciwo shi ne a nan Arewa aka yi wannan abu amma a ganina 'ya'yanmu ba su da yawa a ajin, alhali mu ne muke da zayyana da rini da adon gini da za a ɗora a kai. Da yaranmu sun shiga da yawa da yanzu bangon galarin Legas da Landan cike yake da dagi da ajami daga hannun masu abin.

Batun abinci kuwa, ba zan ɓoye maka ba, wanda ya ce zai zauna jiran a sayi zanen bango kawai a Arewa zai sha wuya, masu saye ba su da yawa tukuna. Amma masu buga littafi suna neman mai zana bango da hotunan littattafan yara, kamfanoni suna neman mai tsara tambari da talla, masu fim suna neman mai tsara waje, masu atamfa da ɗinki suna neman sabon zane, makarantu suna neman malami. Yaron da ya iya hannu ya kuma iya kwamfuta ba ya rasa aiki. In ka ɗauko naira 20 ka juya bayanta za ka ga Ladi Kwali tana ginin tukunya, macen da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu, a 1954, kuma tukwanenta suka zaga Turai da Amurka. Shawarata ka ɗauke shi ku je baje kolin ɗaliban tare, ka ga aikin da idonka, ka yi magana da malaman, sannan ka yanke.

Tambaya: Yaya ni ina zane da fensir da gawayi, ina da ayyuka kamar goma sha biyar, ina son in yi baje koli amma ba ni da kowa a Abuja ko Legas. Ta ina zan fara? Daga ƙaninka a Gombe.

Amsa: Ƙanina ka fara a Gombe. Kar ka jira wani galari ya gano ka, ka nemi mutum uku ko huɗu irinka, mai fenti, mai ɗaukar hoto, mai zayyana, wata mai saƙa ko zanen lalle da ta iya sa shi a takarda, ku haɗa kuɗi ku nemi zaure, ko ɗakin taro na makaranta, ko laburare, ko harabar ofishin al'adu na jiha, kwana uku ya isa. Baje kolin haɗin gwiwa ya fi sauƙi domin kowa zai jawo mutanensa, kuma kuɗin firem da fitila ba zai faɗa kan mutum ɗaya ba.

Cikin goma sha biyar ɗin nan ka zaɓi shida ko bakwai da suka fi, kar ka rataye duka. Aikin gawayi yana gogewa, sai ka fesa masa maganin riƙewa ka sa shi bayan gilashi, kuma ka bar ɗan fili tsakanin takardar da gilashin. Ka rataye su daidai idon mutum a tsaye, ba can sama kusa da silin ba yadda ake rataye hoton biki. Kowane aiki a manna masa 'yar takarda a gefe, sunanka, sunan aikin, shekara, da abin da ka yi shi da shi, da Hausa da Turanci. Farashi kuma a rubuta shi a takarda ɗaya a ajiye a tebur, don mutanenmu suna jin nauyin tambayar kuɗi sai su wuce alhali suna so, kuma ka yi ƙanana masu sauƙin kuɗi da malamin makaranta zai iya saya.

Sanarwa ita ce rabin aikin, ku fara sati uku kafin ranar, ku je gidan rediyo a yi hira da ku da Hausa, ku kai takarda makarantun sakandare a kawo ɗalibai, ku gayyaci mai unguwa da hakimi su buɗe. Ku ɗauki hotuna masu kyau na kowane aiki da na taron, domin su ne za ka tura wa galari daga baya. Dubi Fati Abubakar, daga Maiduguri ta fara ɗora hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Barno a shafin da ta kira Bits of Borno, daga nan duniya ta san ta. Ka kuma nemi reshen ƙungiyar masu zane ta ƙasa, SNA, mafi kusa da kai ka yi rajista, sannan ka sa ido kan gasar Life In My City da ake yi a Inugu duk shekara, matasa daga ko'ina a ƙasar nan suna tura aiki.

In Allah ya sa wani galari ya karɓe ka, ka sani suna cire kasonsu a duk abin da aka sayar, wani wajen har rabi, don haka a rubuta komai a takarda kafin ka miƙa aiki, nawa ne kasonsu, wa zai biya kuɗin mota, yaushe za a dawo maka da wanda ba a saya ba. Kar ka yarda da "ai mun zama ɗaya".

Tambaya: Ya halatta in ɗauki hoton zane a baje koli in sa a sitatus? Daga wata Hajiya a Zinder.

Amsa: Hajiya ki tambayi mai aikin ko mai kula da ɗakin tukuna, yawanci za su ce to, sai dai a kashe filasha. In kin ɗora ki rubuta sunan mai zanen da inda ake baje kolin da ranar da za a rufe, wata da ta gani a wayarki sai ta samu zuwa kafin a kwashe. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗauki hoton a kai wa mai firinta ya buga babba a rataye a falo ko a sayar, wannan cin haƙƙin mai aikin ne, in zanen ya shiga ranki ki tambaye shi ko yana da bugaggen kwafi mai sa hannunsa, da yawansu suna yi kuma kuɗinsa bai kai na asalin ba.

Masu shirya baje koli a Kano, Kaduna, Zariya, Jos, Maraɗi, Zinder da sauran wurare, ku turo mana sanarwarku da wuri, da suna da waje da rana da lokacin buɗewa da rufewa, za mu sa a wannan fili kyauta. Sauran tambayoyin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.