Amsa: zuwa Columbus da rigar Michigan

Ka ce kana karatu a jami'ar Michigan, kana son zuwa Columbus, garin da jami'ar Ohio State take, kallon wasan ƙwallon Amurka tsakaninku da su, amma kana tsoron saka rigar makarantarku. Ɗan'uwa, je ka, kuma ka saka shuɗiyar rigarka. Sai dai ka nemi tikiti a ɓangaren baƙi, ku tafi ku uku ko huɗu.

Filin wasan Ohio State yana cin mutum sama da 100,000, kusan kowa sanye da ja, launin makarantarsu, kuma gabar makarantun biyu ta faro tun 1897. Lokacin da na je, zama cikin namu ne ya sa na yi ihuna ba fargaba, da aka tashi na zuge jaket ɗina har wuya muka taka zuwa mota. Daga Ann Arbor, garin jami'arku, tafiyar kamar awa 3 ce, wasan kuma yawanci da sha biyun rana ake farawa, don haka kuna idar da Asuba ku kama hanya. Ƙarshen Nuwamba ne, sanyin bencin yana ratsa ƙashi, ka riƙe safar hannu. Jaka kuwa bar ta a mota, ba a shiga da ita.